Kalsiyam ya hau, KH ya faɗi, ruwa ya yi fari fat: ina na kuskure?

Baban Ilham, Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. Masu tankin ruwan gishiri don Allah ku taimaka mini, tun jiya hankalina ba a kwance yake ba. Tankina lita 300 ne, amma in an cire duwatsu da yashi ruwan bai wuce lita 250 ba. Wata bakwai ke nan da na kafa shi. Akwai kifi biyar, murjani mai laushi, sai masu ƙashi: Euphyllia biyu da Montipora ɗaya da na saya wata biyu da suka wuce. Ranar Asabar na yi gwaji: kalsiyam 360, KH (ma'aunin kabonet da baikabonet da ke cikin ruwa) 7.5, magniziyam 1100. Duk inda na duba 420 ake cewa, sai na shiga zuba garin kalsiyam kuloraid, kusan giram 140 cikin kwana huɗu. Da na ga KH ya fara sauka, na narka garin ƙara KH na zuba a wuri ɗaya da kalsiyam ɗin, tsakaninsu bai fi minti biyar ba. Kafin in ajiye kofin ruwa ya yi fari kamar an dama kamu a ciki. Yau da safe kalsiyam 480, KH 5.6, hita ta yi farin ɓawo, gefen Montipora ya kwaile har ƙashi ya fito. Me zan zuba yanzu?

Injiniya, Abuja:
Wa alaikumus salam. Kada ka zuba komai tukuna. Ajiye kofin nan. Farin da ka gani kalsiyam ne da kabonet suka haɗu suka zama alli, suka fita daga ruwan. Zai kwanta da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, ka sa audugar tacewa ka riƙa canza ta. Kifin suna cin abinci?

Baban Ilham, Kaduna:
Suna ci, alhamdulillahi. Euphyllia ne dai ba su buɗe sosai ba.

Maman Sadik, Legas:
Sannu Baban Ilham, Allah ya kiyaye gaba. Kafin a fara ba ka shawarar bekin soda, don na san nan za a je, ka karanta jikin gwangwani da idonka. Bekin soda daban, bekin foda daban. Bara na aiki yaro shago ya kawo mini bekin foda, ban duba ba na zuba cokali biyu. Akwai sitaci a ciki, kuma yawanci da fosfet, wanda abinci ne ga gansakuka. Wata biyu ina fama da gansakuka mai gashi a kan duwatsu, ina tsinke ta da hannu kowane dare bayan isha. Abin da kake nema shi ne wanda aka rubuta sodiyam baikabonet kaɗai, ba wani abu tare da shi.

Malamin Kemistiri, Zariya:
Baban Ilham, bari in ɗan yi maka bayanin lissafin, domin in ka gane shi ba za ka sake bin lambar kalsiyam da gudu ba.

Murjani mai ƙashi yana gina jikinsa da kalsiyam kabonet. Kowane lokaci ya ɗauki kalsiyam, sai ya ɗauki kabonet tare da shi, a ma'auni ɗaya da ba ya canzawa: duk KH ɗaya da ya ragu, kalsiyam kusan 7 ne ya tafi da shi. In ka ga KH ya sauka da 2.8, kalsiyam 20 kacal ya ragu. To ka duba rumbunan biyu. Na kalsiyam cike yake da ɗari huɗu da wani abu, na KH kuwa bakwai ne ko takwas. Idan murjaninka ya ci KH biyu, ya cinye fiye da rubu'in rumbun, amma a kalsiyam 14 ya taɓa cikin 420, abin da kayan gwajin gida ma da ƙyar suke ganewa. Shi ya sa KH ake sa wa ido kullum, kalsiyam kuwa sau ɗaya a mako ko mako biyu ya isa.

Kuma 360 ba ta kashe murjani a mako ɗaya. Abin da ya kwaile maka Montipora faɗuwar KH ce daga 7.5 zuwa 5.6 cikin 'yan kwanaki, da tashin pH (ma'aunin tsamin ruwa, in ya hau tsami ya ragu) na lokacin da ka zuba garin nan.

Ga abin da zan yi in tankina ne. Giram 3 na bekin soda a lita 100 yana ɗaga KH da ɗaya. Naka lita 250, giram 7.5 ke nan. Ka narka a ruwa mai tsabta, ka raba biyu, rabi da safe rabi da dare, a inda famfo ke kaɗa ruwa da ƙarfi. Kada ka wuce KH ɗaya a rana. Kwana biyu ka koma 7.5. Kalsiyam kuma ka bar shi, 480 ba ta cutar da kowa.

Ɗan Zongo, Kumasi:
Malam da girmamawa, ni duk wannan lissafin ban taɓa yi ba. Shekara uku ina canza kashi goma cikin ɗari na ruwa duk mako, shi ke nan. Gishiri mai kyau yana ɗauke da komai. Ya canza rabin ruwan yau kawai ya huta.

Malamin Kemistiri, Zariya:
Wane irin murjani gare ka, ɗan'uwa?

Ɗan Zongo, Kumasi:
Masu laushi ne, da Zoanthus da yawa. Mai ƙashi ɗaya ne.

Malamin Kemistiri, Zariya:
To gaskiyarka, a tankinka canjin ruwa ya wadatar, domin masu laushi ba sa cin abin a zo a gani. Amma ka auna: in ruwan tanki yana KH 7, sabon ruwa yana 8, ka canza kashi goma, abin da ka ƙara 0.1 ne. Tankin da ke cin 0.4 a rana ya cinye wannan kafin la'asar. Canza rabin ruwa a yau kuma wata girgiza ce a kan wadda aka riga aka yi.

Hajiya Ummu Khalil, Jidda:
Ku yi haƙuri in katse ku. Tun ɗazu nake kallon lambobin farko na Baban Ilham, akwai abin da bai kwanta mini ba. Ruwa ba ya tsami banza. Tanki mai Montipora ɗaya da Euphyllia biyu ba zai ja magniziyam har 1100 ba, ko shekara ya yi. Magniziyam kaɗan-kaɗan ake cinsa. Kalsiyam 360, magniziyam 1100, duka biyun sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin bakwai. Ruwan teku mai gishiri 35 (wato giram 35 a kowane kilo ɗaya na ruwa) yana da kalsiyam wajen 420, magniziyam wajen 1290. Ka ninka kowanne da 30 ka raba da 35, za ka samu 360 da 1100 da 'yan kai. Ƙanena, da me kake auna gishirin ruwanka?

Baban Ilham, Kaduna:
Da na robar nan mai allura, Hajiya. Nauyin ruwa yake aunawa, kullum 1.025 yake nuna mini.

Hajiya Ummu Khalil, Jidda:
Ka nemi aron rifiraktomita, wanda ake ɗiga ruwa a kai a leƙa ta ido. Kuma a daidaita shi da ruwan gwaji na 35, ba da ruwan sha ba. Na roba in ƙwayar kumfa ɗaya ta maƙale a jikin allura, ko gishiri ya bushe a kanta, sai ta ɗaga ta ba ka lambar da ba ita ba. Ni ma a nan na sha wahalar auna gishiri, sai dai ta ɗaya gefen. Bahar Maliya gishirinta ya fi na yawancin tekuna, can arewacinta yana kai wa 40, saboda zafi da ƙarancin ruwan sama kuma babu babban kogin da ke zuba a cikinta. Tun daga nan na koyi cewa kafin in yarda da kowace lamba sai na fara tabbatar da gishiri.

Injiniya, Abuja:
Allahu akbar. Hajiya wallahi ban lura da wannan ba.

Baban Ilham, Kaduna:
Na dawo. Wani abokina a Barnawa yana da shi, na kai masa ruwa a kwalba. Hajiya, 30 ya nuna, wajen 1.022 zuwa 1.023. Sau uku muka maimaita. Jikina ya yi sanyi. Yanzu na tuna sikima, na'urar da ke fitar da datti ta kumfa, tana cika kofi da ruwa-ruwa duk kwana biyu, ina zubarwa, ina cike gurbin da ruwa marar gishiri. Ga gishirin da ke bushewa a bakin tankin ƙasa ina gogewa da tsumma. Wata bakwai ina haka. Ashe babu abin da ya cinye kalsiyam, ruwan ne gaba ɗaya ya tsinke.

Hajiya Ummu Khalil, Jidda:
Alhamdulillahi da aka gano. Kada ka zuba gishiri kai tsaye. Lita nawa ke ƙafewa a rana?

Baban Ilham, Kaduna:
Yanzu da hunturun nan wajen lita huɗu.

Hajiya Ummu Khalil, Jidda:
To maimakon ruwa marar gishiri, ka riƙa cike gurbin da haɗaɗɗen ruwan gishiri na 35. Kowace rana zai ɗaga maka kusan rabin maki, cikin kwana tara ko goma ka isa 35 ba tare da kifi sun ji komai ba. Magniziyam zai hau da kansa, ba sai ka sayi komai ba. Kalsiyam ma zai ɗan ƙara hawa, wataƙila ya haura 500, kada ka tsorata. Ranar da ka isa 35 ka koma ruwa marar gishiri, kada ka manta da wannan.

Malamin Kemistiri, Zariya:
Hajiya ta kama bakin zaren, Allah ya ƙara basira. In ƙara abu ɗaya: ƙarancin magniziyam ɗin ya taimaka wajen farin da ya gani. Ruwan teku a cike yake da kalsiyam da kabonet fiye da yadda ya kamata su zauna tare a narke. Magniziyam ne ke hawa kan ƙananan ƙwayoyin alli da suka fara haɗuwa ya hana su girma. In ya yi ƙasa, birkin ya yi sako-sako. Ɓawon kan hita kuma irin farin nan ne da ke liƙewa a cikin butar dafa shayi, domin kalsiyam kabonet ya fi saurin fita daga ruwa a wuri mai zafi. Ka cire hitar da famfunan ka jiƙa su a ruwan khal, ka wanke sosai. Ka buɗe famfon ka duba farfelar ciki, nan ne yake taruwa har wata rana bayan an ɗauke wuta an dawo da ita famfo ya ƙi tashi.

Matashin Maraɗi:
Malam ina da tambaya, ku gafarce ni in ta yi kama da shirme. Kanwa fa? Na ji an ce sinadarinta ɗaya da soda. Ga ta nan a kasuwa da arha, ungurnu ma muna samu.

Malamin Kemistiri, Zariya:
Ba shirme ba ne ko kaɗan, tunaninka ya tafi daidai. Abin da ke sa kanwa ta nunar da wake da wuri shi ne sodiyam kabonet da baikabonet da ke cikinta, su ne kuma muke zubawa. Matsalar ita ce kanwa daga ƙasa ake haƙo ta, tana zuwa da yashi da laka da wasu gishirori, kuma wannan dunƙulen ba ɗaya yake da wancan ba. Ka narka jar kanwa a kofin gilashi ka bar ta ta kwana, ka ga abin da zai kwanta a ƙasa. Wanda ya kwanta ma ka gan shi, wanda ya narke fa? Ba za ka iya cewa giram kaza zai ba ni KH kaza ba. Ga murjanin da ka saya da tsada, bekin soda na abinci ya fi kwanciyar hankali, kuma shi ma ba shi da tsada.

Injiniya, Abuja:
To idan komai ya daidaita, ni shawarata ya koma kalkwasa. Kalmar Jamusanci ce, ma'anarta ruwan farar ƙasa, kalsiyam haidiroksaid ne ake narkawa a ruwa mai tsabta. Tun shekarun 1970 Peter Wilkens ya yaɗa shi a tsakanin masu kiwon murjani a Turai, har yau ana amfani da shi. Abu ɗaya ne yake ba ka kalsiyam da KH a daidai ma'aunin da murjani ke ci, babu yadda za a yi ɗaya ya tsere wa ɗaya kamar yadda ya faru da shi. Ga shi yana ɗaga pH. Mu da muke rufe ɗaki ruf saboda ƙura da na'urar sanyaya ɗaki, numfashin mutanen gida kaɗai yana saukar da pH zuwa 7.8. Ƙaramin cokali biyu a lita huɗu, ka motsa, ka rufe, ka bari ya kwanta, ka ɗiga na saman da daddare. Shekara huɗu ina haka.

Maman Sadik, Legas:
Injiniya ban yarda a ba sabon shiga kalkwasa ba, musamman mai yara a gida. pH ɗinsa ya haura 12, in ya fantsama a ido babbar magana ce. Kuma in ya kwarara da yawa lokaci ɗaya, farin da ya gani jiya wasa ne.

Injiniya, Abuja:
Maman Sadik ai komai in aka yi ganganci da shi haka ne. Garin da ya zuba jiya ma ba kalkwasa ba ne, ga abin da ya yi.

Malamin Kemistiri, Zariya:
Ku biyun kuna da hujja, amma akwai abin da ya shafi yanayinmu na arewa da ya kamata a faɗa. Lita ɗaya ta kalkwasa da ya ƙoshi tana ɗauke da KH sama da 110. A lita 250 tana ɗaga kusan 0.45. Yawancin mutane suna zuba shi ne a ruwan cike gurbi. Baban Ilham yana rasa lita huɗu a rana yanzu da iska ta bushe, in duk huɗun kalkwasa ne ya zuba KH kusan 1.8 a rana, alhali tankinsa ba ya cin ko rabin haka. In damina ta sauka iska ta yi laima, ƙafewar ta ragu, abin da yake shiga ya ragu ba tare da ya taɓa komai ba. Wato hunturu da damina ne za su riƙa yanke masa ma'auni. In zai yi kalkwasa, ya auna adadi ɗaya tsayayye kullum da famfon ɗigo, ruwan cike gurbi kuma ya zama daban.

Injiniya, Abuja:
Wannan gaskiya ne, haka nake yi ma, famfo daban. Na manta ban faɗa ba. Kuma famfon a kan inbata yake, saboda in an ɗauke wuta wasu suna rikita lokacinsu.

Hajiya Ummu Khalil, Jidda:
Ni kashi biyu nake yi, kalsiyam kuloraid a jarka ɗaya, soda a ɗaya. Hans-Werner Balling ya bayyana tsarin a Jamus a 1994, da kashi na uku na gishirin teku da aka cire wa gishirin ci, domin kuloraid da sodiyam da suka rage suna haɗuwa su zama gishiri, su riƙa ɗaga gishirin tanki a hankali. Randy Holmes-Farley, masanin kemistiri a Amurka, shi ma ya fitar da haɗin gida da mutane da yawa ke bi: giram 500 na kalsiyam kuloraid mai ruwa biyu (wanda ake rubuta wa dihydrate) a galan ɗaya, giram 594 na bekin soda da aka gasa a wani galan ɗin. Gashin yana korar ruwa da iskar kabon ya mai da shi sodiyam kabonet, mai ɗaga pH. Doka ɗaya ce ba na wasa da ita: ba a haɗa su a kofi ɗaya, ba a zuba su a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ni ina barin aƙalla rabin awa a tsakani.

Ɗan Zongo, Kumasi:
To wai KH nawa ne daidai? Wani ya ce 7, wani ya ce 11.

Injiniya, Abuja:
Ni 9 nake riƙewa. In famfo ya tsaya kwana biyu ina tafiya, ina da sarari kafin ya faɗa ƙasa da 7. Kuma murjani ya fi saurin girma a sama.

Hajiya Ummu Khalil, Jidda:
Yana girma da sauri in akwai abinci a ruwan. Na taɓa kai nawa 10.5 lokacin da naitiret da fosfet suke kusan sifili. Cikin mako biyu kan rassan murjanin Acropora ya yi fari kamar an ɗosana musu wuta, ƙashi yana tsawo nama bai iya bin sa ba. Reshe uku na yanke da hannuna, wanda na raina tun yana kamar ɗan yatsa. Teku kanta tsakanin 6.5 da 7 take. Tun daga lokacin 7.5 nake zaune, ban ƙara ganin haka ba.

Injiniya, Abuja:
Nawa naitiret yana wajen 10, kifi sun yi yawa, shi ya sa 9 ba ta dame ni ba. Amma na yarda, ga tankinsa 7.5 zuwa 8 ya fi.

Malamin Kemistiri, Zariya:
Baban Ilham, kafin ka zaɓi kowace hanya akwai aikin da babu mai yi maka. Bayan gishiri ya kai 35, ka dakatar da zuba komai kwana uku, ka gwada KH kullum a lokaci ɗaya, misali bayan magariba. Bambancin shi ne abin da tankinka ke ci a rana. Shi za ka mayar, ba abin da aka rubuta a jikin kwalba ba. Ka wanke kwalbar gwaji da ruwan tanki kafin ka ɗiba, ka ɗiga maganin a hankali kana juyawa, a gaban farar takarda. Kuma ka sayi ƙaramin sikeli na giram, cokali ba ma'auni ba ne.

Baban Ilham, Kaduna:
Assalamu alaikum, yau mako uku. Na bi yadda kuka ce. Gishiri ya kai 35 a kwana na goma, magniziyam 1280 ban zuba ko ɗigo ba. Kalsiyam ya kai 510, yanzu ya sauko 480. Gwajin kwana uku ya ba ni 7.6, 7.2, 6.8, wato 0.4 a rana. Ina zuba giram 3 na bekin soda kullum, rabi da safe rabi da dare, KH yana tsakanin 7.4 da 7.6. Wurin da Montipora ya kwaile gansakuka ta hau, amma ɗaya gefen ya fito da sabon baki mai haske, siriri kamar farce. Ilham ce ma ta fara gani ta kira ni. Euphyllia sun buɗe har sun fi da. Allah ya saka muku da alheri, musamman Hajiya. Tambayata: yaushe zan fara zuba kalsiyam, kuma nawa?

Malamin Kemistiri, Zariya:
Masha Allah, na ji daɗin wannan labari. Ka jira ya sauko wajen 430, a yadda tankinka ke ci zai ɗauki mako biyu zuwa uku. Daga nan kowane giram 3 na bekin soda ka bi shi da giram 2.6 na kalsiyam kuloraid mai ruwa biyu, soda da safe, kalsiyam da yamma.

Hajiya Ummu Khalil, Jidda:
Amin ƙanena, a gaishe mini da Ilham. Ka sake gwajin kwana ukun nan duk wata. Montipora in ya kama girma, ga kuma jan ɓawon nan mai ruwan hoda da zai fara rufe duwatsu da gilashi, 0.4 ɗin nan za ta koma 0.6 ba ka sani ba. Gefen da gansakuka ta hau kuma ka karye shi da ƙaramar filaya, ka bar mai rai kawai.

Baban Ilham, Kaduna:
To Hajiya, gobe in sha Allahu bayan na dawo aiki zan karye shi, zan turo hoto.